Daga Takobin Kantu Zuwa Fagen Jibiya: Tarihin Gwarazan Kokawa da Batun Magada

Gabatarwa

Duk ɗan Jibiya da ya yi wayo a shekarun 1970 da 1980 zai iya tuna wani lokaci a cikin shekara da majalisu kan yi tsit, a kewaye akwatin rediyo, a karkata kunne zuwa tashar Muryar Sahel ta Jamhuriyar Nijar. Kokawa ake saurare. Mai sharhi na bayani, makaɗa na zuba kiɗa, da an ce an yi kaye sai majalisa ta rabu biyu, wasu na tsalle, wasu na riƙe da kai. Mutanenmu ba su taɓa ɗaukar 'yan kokawar Maraɗi a matsayin baƙi ba. Idan Maraɗi ta yi nasara, mu ne muka yi, idan kuwa aka kayar da ita, mu ma ranar tuwo ba ya mana daɗi.

Manufar wannan maƙala ita ce waiwayen tarihin wannan wasa da gwarazan da suka yi fice a cikinsa, musamman Yakubu Ango wanda aka fi sani da Kantu, tare da duba abin da kan faru da zakara idan ƙarfinsa ya ja baya. Za mu kuma leƙa wasu ƙasashe mu ga yadda suka mayar da gwanayensu malamai, domin mu 'yan Jibiya mazauna birane mu tambayi kanmu abin da ya rage mana mu yi.

Kokawa Kafin Zuwan Takobi

A ƙasar Hausa an daɗe da raba wasannin jarunta tsakanin masu sana'o'i. Dambe an fi saninsa da mahauta, shaɗi na Fulani ne, ita kuwa kokawa ta manoma ce. Lokacinta kaka, bayan an yanke gero, an ɗaure dammuna, rumbuna sun cika. A sa'ilin nan ne saurayi ke da ƙoshi da sukuni, jikinsa kuma ya sha horon gona tun daga shuka har girbi. Wanda ya yini yana huɗa da garma ya riga ya sami ƙarfin kugu da na damtse, saura dabara kawai.

Da la'asar ko da farin wata ake kafa fage a dandali ko a bakin kasuwa. Makaɗa su goce da kiɗa, ɗan kokawa ya fito ɗaure da walki, da layu da kambuna a damtse, ya yi kirari, ya kewaya fage yana neman abokin karawa. Ba a naushi, ba a shuri, ba a cizo. Kama ce da taɗiya da kwasar ƙafa da ɗaukar mutum sama, wanda jikinsa ya kai ƙasa shi aka kayar. Samarin wannan gari kan tashi takanas su tafi wancan gari, a sauke su, a ciyar da su, a kara, a kwana, wata shekara su ma su karɓi baƙuncin waɗancan. Ta wannan hanya aka ƙulla abota da auratayya masu yawa, har zakaran gari ya zama abin alfaharin kowa, tun daga mai gari har yaran da ke riƙe masa riga.

Wannan zirga-zirga ba ta san iyaka ba, don kuwa ta girmi iyakar. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga bisani Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajajen 1819. Shi ya sa har yau ake ce wa sarkin can Sarkin Katsinan Maraɗi. Sai daga baya Turawan Ingila da na Faransa suka yi yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, jami'ansu suka bi daji suna kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Layin ya ratsa tsakanin Magama da Ɗan Isa, ya raba gonaki da dangi, amma bai raba harshe ba, bai kuma raba fagen kokawa ba.

Tawa, 1975

Abin da ya sauya matsayin kokawa a wannan yanki ya faru ne a Nijar. A watan Afrilu na 1974 sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Diori Hamani, marigayi Seyni Kountché ya hau mulki, ƙasar tana fitowa daga mummunan farin da ya halaka dabbobi ya tarwatsa ƙauyuka. Sabuwar gwamnati na neman abin da zai haɗa kan Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Bafillace da Buzu, sai ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, ta kuma ɗauki kokawa ta mayar da ita gasar ƙasa baki ɗaya. An yi karo na farko a garin Tawa a 1975, aka sa takobi ya zama kambun wanda ya gagara.

Wanda ya fara ɗaga wannan takobi ɗan jihar Maraɗi ne, Yakubu Ango, wato Kantu. Daga ranar sunansa ya fita daga dandalin ƙauye ya shiga rediyo, ya shiga bakin mawaƙa, ya tsallaka iyaka ya iso kasuwar Jibiya da Katsina da Kano. Yara a lungu idan za su yi kokawa, sai an yi gardamar wa zai zama Kantu. Abin lura a nan shi ne, Kantu bai fito daga wata makarantar wasanni ba. Tarbiyyar tsohon fage ce ta haife shi, irin wadda muka bayyana a sama, gwamnati ta zo ta tarar da shi a shirye. Saboda girmama shi ne aka raɗa wa babban filin kokawa na birnin Maraɗi sunansa.

Kantu bai yi zamani shi kaɗai ba, kuma da ma zakara ba ya yin suna sai da abokan hamayya na ƙwarai. Akwai Salma Ɗan Rani na Doso, wanda ya ɗaga takobin fiye da sau ɗaya, akwai Kadade na Tawa, akwai Langa-Langa na Damagaram. Filin kokawar Doso yana ɗauke da sunan Salma, na Damagaram kuma da sunan Langa-Langa. Karawar waɗannan mazaje ita ce ta dasa wa jama'a son gasar tun tana jaririya. Mawaƙa irin su Sagalo sun taimaka wajen dawwamar da sunayensu, kamar yadda a wannan ɓangare namu marigayi Ɗan Anace ya dawwamar da sunan Shago a fagen dambe.

Tsarin gasar shi ma abin nazari ne. Jihohi ke karɓar baƙunci bi da bi, don kada wani gari ya riƙe ta shi kaɗai. Bayan da jihohin suka kai takwas, wato Agadas, Diffa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tillaberi, Damagaram da Yamai, kowace kan kawo 'yan kokawa goma, jimilla tamanin, a kwashe kimanin kwana goma ana fafatawa. Wanda aka kayar ko da sau ɗaya ne, ya fita daga sahun masu neman takobi, sai dai ya ci gaba da kare martabar jiharsa. Saboda haka kullum yawan waɗanda bayansu bai taɓa ƙasa ba yana raguwa, har a kai ga biyun ƙarshe. Ana naɗa wa zakara rawani, a miƙa masa takobi da doki da kuɗi. Kafin a kai ga wannan mataki kuwa, sai an yi zaɓe tun daga ƙauyuka da gundumomi, wanda ke nufin yaron ƙauye yana ganin hanyar da zai bi tun daga dandalinsu har gaban shugaban ƙasa.

Bayan su Kantu an yi wasu gwarazan. Damagaram ta fito da Balla Haruna, Agadas ta yi Laminu Maidaba, Maraɗi kuma ta sake ɗaga kai da Labo Maikafo da Umaru Bindigau. A wannan zamani babu wanda ya kai Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka. A ƙarshen 2023, a birnin Agadas, ya ɗaga takobi karo na shida, abin da babu wanda ya taɓa yi kafinsa. Amma a ƙarshen 2024, a garinsu Doso, takobin ya suɓuce masa ya koma hannun Abba Ibrahim na Yamai. Haka fage yake, ba ya alƙawari da kowa.

Idan Zakara Ya Tsufa

A nan ne tarihin kowane ɗan kokawa ke kaiwa ga mararraba. Ƙarfin jiki aro ne, shekaru goma ko goma sha biyar sai mai shi ya karɓi abinsa. Gwiwa ta fara ciwo, kugu ya ƙi lanƙwasa, yaron da jiya yake riƙe wa mutum goran ruwa ya zo ya ɗaga shi sama a gaban jama'a. To, me ya rage wa zakara a wannan rana? Abin da ya rage masa shi ne sani: yadda ake karanta tsayuwar abokin karawa, lokacin da ake kai hannu, yadda ake karya nauyin wanda ya fi ka jiki, yadda ake faɗuwa ba tare da an karye ba, da yadda ake haƙuri idan an sha kaye.

A tsarinmu na gargajiya wannan sani yana tafiya ne ta hanyar ubangida da yaransa. Yaro ya bi babban ɗan kokawa, ya ɗaukar masa kaya, ya yi masa noma, yana kallo yana kwaikwayo. Tsarin ya yi amfani matuƙa a lokacin da samari ke zaune a ƙauye shekara a kan shekara. Rauninsa shi ne ba a rubuta komai, ba a tsara darasi, wani lokaci ma gwani kan ɓoye dabararsa don kada a yi amfani da ita a kansa, ko a jingina nasararsa ga laya da asiri har a manta da aikin da ya sha. Idan irin wannan gwani ya kwanta dama ba tare da ya yaye kowa ba, an binne shi ke nan tare da iliminsa. Da yawa daga cikinmu mun san wani tsoho a unguwa ko a ƙauye da ake cewa a zamaninsa babu mai kai bayansa ƙasa, yau yana zaune a gindin bishiya, babu mai tambayarsa komai.

Darasi Daga Birazil

Akwai wata irin kokawa a duniya da ta warware wannan matsala, ana kiranta jujitsun Birazil. Asalinta daga Japan ne. Wani gwanin judo mai suna Mitsuyo Maeda ya isa Birazil a 1914, ya zauna a birnin Belém, inda wani matashi Carlos Gracie ya koya a wurinsa. A 1925 Carlos ya buɗe makaranta a Rio de Janeiro tare da 'yan uwansa, cikinsu har da ƙaninsa Hélio, mutum marar jiki sosai, wanda ya mayar da hankali kan dabarun da ƙaramin mutum zai rinjayi ƙato. Bambancinta da tamu shi ne, a wurinsu faɗuwa ƙasa ba ta kawo ƙarshen wasa. Ana ci gaba da murzawa a ƙasa har sai ɗaya ya maƙure ɗaya ko ya murɗe masa gaɓa, wanda aka fi ƙarfi ya bubbuga hannu alamar ya sallama.

A 1951 Hélio ya kara da zakaran Japan Masahiko Kimura a filin Maracanã. Kimura ya murɗe masa hannu har ya karye, aka tsayar da wasa. Abin da mutanen Gracie suka yi bayan wannan kaye shi ne abin koyi: sun ɗauki wannan murɗiya da aka cuce su da ita, suka raɗa mata sunan Kimura, suka sa ta cikin darussan da suke koyarwa. Har gobe duk ɗalibin jujitsu a duniya yana koyon ta da wannan suna. A 1993 ɗan Hélio, Royce Gracie, ya lashe gasar UFC ta farko a birnin Denver na Amurka, inda ya rinjayi mutanen da suka fi shi nauyi, daga nan duniya ta farga da wannan wasa. An fara gasar duniya ta jujitsu a 1996, kuma jikan Carlos, Roger Gracie, ya zama zakaran duniya sau goma kafin ya tattara hankalinsa ga koyarwa a makarantarsa da ke Landan. Shi kuwa Hélio ya rasu a 2009 yana da shekara 95, ya bar almajirai a nahiyoyi daban-daban.

Sirrin wannan bunƙasa bai wuce abu uku ba. Na farko, kowace dabara tana da suna da yadda ake koyar da ita mataki-mataki. Na biyu, akwai darajoji da ake nunawa da launin ɗamara, daga fara zuwa shuɗiya, zuwa shunayya, zuwa ruwan ƙasa, zuwa baƙa, kuma yakan ɗauki mutum kusan shekara goma kafin ya kai ga baƙa. Na uku, duk mai baƙar ɗamara ya san malamin da ya ɗaura masa, da malamin malaminsa, kamar yadda almajiranmu ke kiyaye salsalar malamansu. Don haka zakara a wurinsu idan ya ajiye gasa, makaranta yake buɗewa, ɗalibai su biya kuɗi, ya ci abinci da iliminsa har tsufa.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne, a nan gida Nijeriya ma muna da misali. Daniel Igali ya taso ne da kokawar gargajiya ta ƙabilar Ijaw a jihar Bayelsa ta yanzu. Ya zauna a Kanada bayan wasannin ƙasashe renon Ingila na 1994, ya kuma ci wa Kanada lambar zinariya a gasar Olamfik ta Sydney a 2000. Daga baya ya dawo gida, ya shugabanci hukumar kokawa ta Nijeriya, ya dage wajen horar da matasa. A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, Blessing Oborududu, 'yar jihar tasu, ta samo wa Nijeriya lambar azurfa a kokawa. Abin da ya faro daga dandalin ƙauye ya kai ga fagen duniya, saboda zakara ya yarda ya koma malami.

Ina Jibiya Ta Tsaya?

Idan muka auna kanmu da wannan ma'auni, gaskiya ɗaya ce, mun yi sakaci. Maƙwabtanmu da ke tazarar tafiyar sa'a guda sun gina filaye, sun raɗa musu sunayen gwarazansu, mu kuwa mun tsaya a matsayin 'yan kallo da masu sauraron rediyo. Kokawa tana cikin wasannin gargajiya da ake yi a bikin wasanni na ƙasa da kuma bikin kamun kifi na Argungu, ƙungiyar ECOWAS ma ta shirya gasar kokawarta a Abuja a 2025. Ƙofofi a buɗe suke, amma yaron da ba a horar ba, ba zai shige su ba.

Ba mu musun cewa akwai dalilai. Matsalar 'yan bindiga ta raba ƙauyuka da yawa na ƙaramar hukumarmu da mutanensu, ta hana noma a wasu wurare, ta kashe wasan dare. An rufe iyaka daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, sai a watan Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Kowace rufewa ta durƙusar da kasuwanci, ta bar ɗimbin samari ba aikin yi, ta kuma rage zumuncin da ke tsakaninmu da 'yan uwanmu na Ɗan Isa da Madarunfa da Maraɗi. Sai dai waɗannan dalilai su ne ma suke ƙara wajabta mana yin wani abu. Saurayi mai ƙarfi a jika da ba shi da inda zai kai ƙarfinsa, akwai masu jiran su saye shi da araha, ko dillalan ƙwaya, ko 'yan siyasa, ko mutanen daji. Fagen kokawa yana koya wa yaro bin doka, da girmama na gaba, da karɓar kaye ba tare da ɗaukar makami ba. Wanda ya saba miƙa wa wanda ya kayar da shi hannu, da wuya ya zama mai zubar da jini.

Saboda haka muke ba 'yan uwa shawarwari kamar haka. Da farko, a nemo tsofaffin 'yan kokawa da makaɗansu da suka rage a garuruwa da ƙauyukanmu, a ɗauki bayanansu a murya da hoto, a rubuta sunayen dabarunsu kamar yadda su suke kiran su, tun kafin lokaci ya ƙure. Wannan aiki ne da ɗalibanmu na jami'o'i da kwalejoji za su iya yi a lokacin hutu da wayar hannu kawai. Na biyu, a nemi fili ɗaya a zuba masa yashi, a kewaye shi, a ɗora tsofaffin gwanaye biyu ko uku su riƙa horar da yara, a yanka musu ɗan alawus daga gudummawar mazauna birane. Na uku, a farfaɗo da gasar kaka tsakanin gundumomi da rana tsaka, da izinin iyayen ƙasa da sanin jami'an tsaro, tare da malamin asibiti a gefen fage, a kuma haɗa yara gwargwadon shekaru da nauyi don gudun rauni. Na huɗu, a sa sharaɗin cewa duk yaron da zai shiga fage sai yana zuwa makaranta, ta boko ko ta allo, ko yana koyon sana'a. Idan abin ya kankama, sai a gayyato 'yan uwanmu na Maraɗi, waɗanda suka riga mu nisa, su zo a kara, mu ƙaru da su.

Kammalawa

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu da muke Kano da Kaduna da Abuja da Legas, 'ya'yanmu sun san sunayen 'yan ƙwallon Turai ɗaya bayan ɗaya, amma kaɗan ne a cikinsu suka taɓa jin sunan Kantu, balle na zakaran ƙauyen kakansu. Laifin namu ne da ba mu faɗa musu ba. Tarihin da muka bibiya ya nuna cewa mutanen Nijar sun ɗaukaka kokawa da takobi da filaye, mutanen Birazil sun raya tasu da makaranta da salsala, Igali kuma ya koma gida ya yi renon magada. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin Jibiya idan aka haɗa hannu. Tsofaffin gwanayenmu suna nan da sauran numfashi, yashin gulbi yana nan kyauta, samari kuwa sun cika gari. Muna fatan idan an zo taron shekara mai zuwa, za a sa wannan batu cikin abubuwan da za a tattauna, a kuma fitar da waɗanda za su fara zagayen ƙauyuka kafin kaka ta gaba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya albarkaci matasanmu, amin.